Ƙaro, Tawada da Hasken Rana: Tarihin Wankin Hoto da Ƙaro

Gabatarwa

Akwai wata tsohuwar hanya ta wanke hoto wadda ba ta bukatar azurfa, ba ta kuma bukatar injin. Kayanta huɗu ne: ƙaro, da garin launi, da takarda mai jure ruwa, da wani gishiri mai suna baikuromet. Idan an haɗa su, rana ita ke ƙarasa aikin. Turawa suka ƙago ta cikin ƙarni na 19, ta yi tashe wajen shekara 20, aka yar da ita, sa'an nan masu sha'awar tsofaffin hanyoyin hoto suka tono ta, har yau kuwa suna gwada ta.

Abin da ya sa muka ga ya dace a yi maganarta a cikin takardun nazarin Hausa shi ne, duk wanda ya taɓa zama a makarantar allo ya riga ya san yawancin wannan sana'a tun bai ji sunanta ba. Ƙaro da baƙin gawayi a dama da ruwa, ai tawada ke nan. Gishirin kaɗai ne baƙo, shi ne kuwa guba. Nufin wannan maƙala shi ne ta bi sawun ƙaro daga jikin itacensa zuwa zauren malam, daga can zuwa Turai, sa'an nan ta komo da shi Nassarawa ta Kano, inda aka fara koyar da boko da sana'a wuri guda, domin a ga abin da ke namu cikin al'amarin da abin da ya kamata mu yi hattara da shi.

Itacen da ƙaronsa

Ƙaro hawaye ne da waɗansu itatuwan ƙaya su kan zubar idan an yi musu rauni. Wanda ya fi kowanne kyau shi ne na ɗakwara, wadda Barebari ke kira kolkol, masanan tsirrai kuma suka daɗe suna kiranta Acacia senegal. Na biye da shi shi ne na dushe. A kasuwar Nijeriya ƙaron ɗakwara shi a ke kira lamba ɗaya, na dushe lamba biyu, gaurayen sauran itatuwa kuwa lamba uku. Likita J. M. Dalziel ya tattara sunayen itatuwan nan da Hausa cikin littafinsa na sunayen tsirrai wanda aka buga a 1916.

Ɗakwara ta fi son ƙasa mai rairayi da ƙarancin ruwa, tun daga Senegal, ta arewacin Nijeriya da Nijar da Cadi, har Kurdufan ta ƙasar Sudan. Bayan ɗaukewar damina, sa'ad da ganye ya fara kaɗewa, sai a ɓare bawon reshe kaɗan. Bayan mako huɗu zuwa shida a ke komowa a tsinci ƙaron ya daskare dunƙule-dunƙule. Halinsa guda biyu su suka ba shi daraja a duniya: yana narkewa sarai cikin ruwan sanyi, idan kuma ya bushe ya kan riƙe duk abin da aka dama shi da shi. Mutanen Masar na dauri sun yi tawada da fenti da shi. Turawa kuwa suka laƙaba masa sunan Larabawa, domin ta tashoshin jiragen ruwan Larabawa ya fara isa gare su.

Ƙaro a hannun malamai

Malaman ƙasar Hausa da na Barno sun rarrabe tawada iri biyu, gane bambancinsu kuwa shi ne mabuɗin duk abin da za mu faɗa nan gaba. Ta farko ita ce tawadar allo. A kan ƙona itace, galibi aduwa, a sami zuge, ko a kankaro baƙin tukunya, a niƙa, a dama da ruwan ƙaro. Baƙin ba ya narkewa, yana rataye ne kawai cikin ƙaron. Idan rubutu ya bushe ƙaro ya manne shi a allo, idan aka zuba ruwa ƙaro ya narke, baƙin ya bi shi, allo ya koma fes. Saboda haka ne almajiri ke iya wanke allonsa ya ɗora sabon karatu, saboda haka ne kuma a ke iya wanke rubutu a sha.

Ta biyu ita ce yambari, wadda a ke dafawa da 'ya'yan bagaruwa da kashin maƙera ko tsohon ƙarfe. Ita wannan kama takarda ta ke yi, ta shige cikin jikinta, ruwa ba ya fid da ita. Da ita a ke rubuta littafin da a ke so ya daɗe. Michaelle Biddle ta bi malamai ta rubuta yadda su ke haɗa tawadodin nan, ta kuma auna tsofaffin rubuce-rubucen Arewa da na'ura, ta buga sakamakon bincikenta a 2011.

To, wankin hoto da ƙaro dabara ce ta sa tawada iri na farko ta ɗauki halin iri na biyu, amma a wuraren da haske ya taɓa kaɗai. Inda rana ta haska, tawada ta zauna. Inda inuwa ta kāre, ta wanke kamar ta allo.

Yadda ƙaro ya gamu da gishirin kurom

Tun kafin a san hoto Turawa ke rububin ƙaro, musamman domin masaƙunsu, inda a ke kaurara rini da shi wajen buga zane a jikin yadi. Cikin ƙarni na 18 Faransawa da Ingilishi sun sha gwabzawa a kan cinikinsa a bakin Kogin Senegal. A 1758 Ingilishi suka ƙwace garin Saint-Louis, cibiyar cinikin, ba su kuwa rabu da shi ba sai 1779. Cikin 1796 Alois Senefelder ya ƙago ɗab'in dutse a birnin Munich na Jamus, dabarar kuwa ta dogara ga ƙaro: inda aka shafa shi a dutse ya kan riƙe ruwa, ya ƙi karɓar tawada mai maiƙo. Shekara guda bayan haka, a 1797, wani Bafaranshe masanin sinadarai, Vauquelin, ya gano ƙarfen da a ke kira kuromiyom. Daga gare shi a ke samun baikuromet, gishiri mai launin ruwan goro, wanda za mu riƙa kira gishirin kurom.

A 1839, shekarar da Daguerre ya bayyana wa duniya hotonsa na azurfa a Paris, wani mutumin Edinburgh mai suna Mungo Ponton ya lura cewa takardar da aka jiƙa da gishirin kurom ta kan sāke launi idan rana ta buge ta. A 1852 William Henry Fox Talbot na Ingila ya nuna cewa danƙon da a ke dafowa daga ƙashi da fata, idan aka gauraya shi da gishirin nan aka shanya a haske, ya kan ƙi narkewa. A 1855 Alphonse Poitevin na Faransa ya ƙara abin da ya rage, watau ya zuba garin launi cikin danƙon, domin wurin da ya taurare ya riƙe launin. A 1858 John Pouncy na garin Dorchester ya fito da hotunan da ya wanke da ƙaro da baƙin gawayi.

Dalilin taurarewar ba zai yi wa Bakano wuyar ganewa ba, gama jima ce. Wani sashe na hasken rana wanda ido ba ya gani shi ke juya kurom ɗin da ke cikin gishirin ya koma irin wanda ke ɗaure danƙo. Irin wannan kurom ɗin ne masana'antun fata na zamani ke jima da shi, a maimakon bagaruwar da majemanmu suka gada. Yadda jemammiyar fata ba ta komawa ɗanya ko ta sha ruwa, haka ƙaron da rana ta jeme ba ya komawa ruwa.

Yadda a ke aikin

Mai aikin ya kan fara da takarda mai kauri ta auduga. Ya jiƙa ta a ruwan zafi ya shanya, domin ta gama tsukewarta tun da wuri, sa'an nan ya shafe ta da danƙo don kada launi ya shige cikin jikinta. Ya narka ƙaro, kashi ɗaya cikin ruwa kashi biyu ko uku, ya tace, ya dama da garin launi, ya ƙara ruwan gishirin kurom. Ya shafa haɗin a takarda da buroshi a ɗaki mai ƙarancin haske, ya bar shi ya bushe a duhu.

Daga nan sai ya kawo negetif, watau uwar hoto, wadda farinta ke baƙi, baƙinta ke fari. Dole girmanta ya zama daidai da girman hoton da a ke so, domin kifa ta a ke yi a kan takardar, a danne da gilashi, a fitar rana 'yan mintoci. Bayan haka a kife takardar a daron ruwa a ƙyale ta kamar rabin sa'a ko sa'a guda. Ƙaron da bai ga rana ba ya narke a hankali ya tafi da launinsa, hoto ya fito. A nan kalmarmu ta wanke hoto ta faɗa daidai, gama da ruwa zalla a ke fito da shi.

Muddin takardar na jiƙe, ƙaron na da taushi. Mai aikin na iya ɗiga ruwa ya haskaka wani wuri, ko ya share wani da buroshi. Shafi ɗaya ba ya cika ba da duhu da haske sosai, saboda haka a kan bari ya bushe, a sāke shafawa, a mai da negetif daidai inda ta ke da fari, a sāke shanyawa, sau uku ko fiye, wani lokaci kowane shafi da launinsa. Don haka ba a samun hotuna biyu na ƙaro da suka yi daidai da juna, ko da daga uwa ɗaya suka fito.

Zamanin tashensa

Wajen shekara 35 aikin Pouncy bai sami kasuwa ba, domin masu hoto na lokacin suna neman hoto mai fitowa tar, shi kuwa ƙaro ya kan ba da hoto mai dishi-dishi kamar an zana da gawayi. Abin da ya juya al'amarin shi ne kyamarar Kodak da George Eastman ya fitar a 1888. Da ɗaukar hoto ta zama abin da kowa ke iyawa, sai waɗansu suka tashi neman hanyar da za ta nuna hannun gwani. Aibin jiya ya zama abin nema. A 1894 Rouillé-Ladevèze ya nuna hotunan ƙaro a Paris, Robert Demachy ya karɓi aikin ya zama jigonsa, har shi da Alfred Maskell suka wallafa littafi a kansa a 1897. Heinrich Kühn da abokansa na Vienna suka ƙware wajen shafi bisa shafi. A Amurka mujallar Alfred Stieglitz mai suna Camera Work, wadda ta fito daga 1903 zuwa 1917, ta yaɗa ayyukan irin waɗannan gwanaye.

Mafi shahara a cikinsu shi ne hoton wani tafki da farin wata wanda Edward Steichen ya yi a 1904, ya shafa ƙaro a kan hoton da ya riga ya wanke da farin ƙarfen filatinom. Cikin Fabrairu 2006 aka yi gwanjon ɗaya daga cikin kwafi uku da aka sani a New York, aka saye shi dala miliyan 2.9, kuɗin da ba a taɓa biya ba a kan hoto a gwanjo kafin ranar.

Tashen bai daɗe ba. Demachy ya bar ɗaukar hoto a 1914, 'yan baya kuma suka komo ga hoto mai fitowa tar, suna ganin ƙaro kwaikwayon masu zane ne kawai. Sai wajen 1970 aka sāke waiwayarsa a makarantun zane na Amurka. Betty Hahn ta riƙa wanke hoton ƙaro a kan ƙyalle tana bin sa da ɗinkin zare mai launi. Yanzu kuma da a ke iya buga negetif kowane girma daga kwamfuta a kan leda garau, babbar wahalar aikin ta ragu.

Nassarawa, jirgin ƙasa da maɗaba'a

Shekarun da hoton ƙaro ke tashe a Turai su ne shekarun da Turawa suka ci ƙasar Hausa. Sun shiga Kano cikin Fabrairu 1903, suka kafa mazauninsu a bayan ganuwa ta gabas, wajen Nassarawa da Bompai, inda unguwar Turawa ta tsiro, wadda a yau a ke kira Nassarawa GRA. A nan ne Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a 1909. Akwai ajin horad da malamai, da na 'ya'yan sarakuna, da na yara, da sashen sana'a inda gwanayen gari ke koyad da aikin fata da ƙira da sassaƙa da makamantansu. Gidansa na ƙasa yana nan har yau, an mai da shi gidan tarihi. Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, ita ta gaji aikin horad da malamai na Arewa.

Kyamara ta zo tare da baƙin. Littafin Vischer na ƙetare Sahara daga Tarabulus zuwa Barno, wanda aka buga a 1910, yana da hotuna, haka kuma na E. D. Morel na 1911, wanda ya ziyarci makarantar Nassarawa ya ba da labarinta. Amma hotunan zamanin nan na shaida ne, an ɗauke su don a nuna wa mutanen Ingila ganuwa da kasuwa da hawan sarki. Hoto ya shigo mana a matsayin kayan kanti: fim daga waje, takarda daga waje, ruwan wanki daga waje.

Shi kuwa ƙaro ya bi hanyar fita. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kusan lokaci ɗaya da isarsa El Obeid ta Kurdufan, babbar kasuwar ƙaro ta Sudan. A 1930 aka kai layin Nguru, garin ya zama matattarar ƙaron Barno, buhunan suna ratsawa ta Kano zuwa Ikko. Har yau yawancin ƙaron Sahel ɗanye ya ke fita, a tace shi a Turai, a sa shi cikin lemon kwalba da alewa da magunguna. Sudan ita ce kan gaba wajen samar da shi, sa'an nan Cadi da Nijeriya. Darajarsa ta kai har Amurka ta keɓe shi daga takunkumin cinikin da ta sa wa Sudan a 1997, yaƙin da ya ɓarke can cikin Afrilu 2023 kuma ya girgiza kasuwarsa. A Gashuwa ta Jihar Yobe akwai tashar binciken ƙaro ƙarƙashin Cibiyar Binciken Roba ta Nijeriya.

Ta ƙofa ɗaya ƙaro ya komo mana cikin aikin haske, ita ce maɗaba'a. Ɗab'in ofset jikan ɗab'in dutse ne: a kan ɗauki hoton shafi, a sauke shi a farantin ƙarfe da haske, a shafe farantin da ƙaro don ya riƙe ruwa ya kuma tsira daga tsatsa. A tsakiyar ƙarni na 20 akwai farantan da a ke shafa wa ƙaro da gishirin kurom, watau haɗin Pouncy ba tare da launi ba. Ta hanyar ofset ne aka sami damar buga rubutun hannun malamai yadda ya ke, na Larabci da na ajami, a Kamfanin Gaskiya na Zariya, wanda aka kafa a 1945, da maɗaba'un Kano. Alƙur'anin da Sharif Bala Gabari ya rubuta da hannunsa ta haka ya bazu a kasuwanni. Ke nan ƙaro ya yi hidima sau biyu ga shafi ɗaya, a tawadar marubuci da a farantin mai bugawa.

Gishirin guba ne

Wajibi ne a faɗi wannan ba tare da sassautawa ba. Gishirin kurom yana cin fata, yana lalata ƙoda idan an haɗiye shi, ƙurarsa kuma tana jawo ciwon daji. Kaɗan daga cikinsa na iya kashe mutum. Tun daga Satumba 2017 Tarayyar Turai ta hana aiki da shi sai da izni na musamman. Kano kuwa ta riga ta ɗanɗana ɓarnar kurom, gama masu bincike sun sha auna shi cikin ruwan da masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa da Bompai ke zubarwa.

Akwai kuma wani haɗari wanda ya keɓanta da mu. Haɗin ƙaro da baƙin gawayi da gishirin nan, a ido, tawada ce sak. A ƙasar da yara ke lasar alƙalami, manya ke shan rubutu, kwalbar irin wannan haɗi ba ta da wurin zama a gida ko a aji. Wanda zai gwada, sai a ɗakin gwaji na jami'a ko kwaleji, da safar hannu da abin rufe hanci, da kwanonin da ba a aikin komai da su sai shi, a kuma kashe dafin ruwan wankin kafin a zubar. Riga-kafi ya fi magani. Masu bincike sun samo waɗansu magungunan da ke taurara danƙo da haske ba tare da kurom ba, har da na gishirin baƙin ƙarfe. Ga ɗalibai ƙanana kuwa akwai shuɗin hoton da John Herschel ya ƙago a 1842, wanda shi ma da rana da ruwa a ke yinsa, launinsa kamar an tsamo shi daga marinar Ƙofar Mata.

Abin da ya rage gare mu

Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Muna da ƙaro lamba ɗaya, muna da rana, muna kuma da malaman da suka san kaurin da ya dace da tawada tun kaka da kakanni. Ilmin da malaman zane na Turai ke nema da gwaji, na yawan ƙaron da zai riƙe baƙi ba tare da ya tsattsage ba, yana nan a tsangayu ba a rubuta yawancinsa ba. Aikin farko na sashen Hausa shi ne ya tattara shi, da kalmominsa, daga bakin masu shi.

Na biyu shi ne gwajin launukanmu. Ƙa'idar ita ce, abin da ke zama gari cikin ruwa shi ke yi, abin da ke narkewa ya rina takarda ba ya yi. Saboda haka zuge da kunkunniya da jar ƙasa da shuni sun cancanci gwaji, amma karan dafi da gangamau rini ne, za su ɓata farin takarda. Sai kuma a lura da yanayi, gama zafi da laima na sa haɗin ya taurare tun bai ga rana ba, don haka lissafin hunturu dabam ya ke da na damina. Ɗaliban zane na Zariya da suka kafa ƙungiyarsu a 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, sun riga sun nuna cewa a kan iya ɗaukar dabarar waje a yi ta da kayan gida.

Na uku shi ne adana tarihi. Hoton azurfa ya kan koɗe, ya yi ja, musamman inda zafi da laima suka yi yawa, hotunan launi na kanti kuwa sun fi shi saurin mutuwa. Baƙin gawayi ba ya koɗewa. Tsofaffin hotunan Kano da ke gidajen tarihi irin su Gidan Ɗan Hausa da Gidan Makama, da waɗanda ke cikin akwatunan iyalai, za a iya kwafe su da kwamfuta, a zaɓi muhimmai a sāke wanke su da baƙin zuge a kan takardar auduga, yadda za su daɗe gwargwadon daɗewar takardar. Idan malaman kwalejojinmu da na sashen sinadarai da alarammomin tsangaya suka haɗa hannu a kan wannan, ƙaron da ya shekara fiye da 100 yana wuce Kano cikin buhu zai sami aikin yi a cikinta. Allah ya sa mu dace.